Ikilisiya Ce Ta Ja Gaba? Sharhi a kan Littafin Aldon Morris

Da yawa daga cikinmu haka muka ji labarin Rosa Parks: wata mace ce ta gaji, ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a cikin bas a birnin Montgomery na Amurka a 1955, nan take baƙaƙen fata suka tashi tsaye. Aldon Morris, masanin zamantakewar al'umma, ya buga littafinsa The Origins of the Civil Rights Movement a 1984 domin ya gyara wannan labari. Ruwa ba ya tsami banza.

Morris ya yi hira da waɗanda suka yi gwagwarmayar, ya nuna an daɗe ana shiri. Ita Parks sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP ce a garin. Tun a 1953 Fasto T. J. Jemison ya jagoranci ƙauracewa bas a Baton Rouge, inda masu motoci suka riƙa ɗaukar mutane kyauta. Martin Luther King ya nemi shawararsa, dabarar kuwa ta taimaki mutanen Montgomery suka jure kwana 381. A ganin Morris, ikilisiya ce ƙashin bayan aikin. Tana da majami'ar taruwa, da baiko, da waƙoƙi, da fastocin da ba farar fata ke biyansu albashi ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, littafin kuwa ya cancanci yabo.

Amma wanda ya karanta shi da gaggawa zai ɗauka dukan ikilisiyoyi ne suka fito. Ba haka aka yi ba. Joseph H. Jackson, shugaban babbar tarayyar Baptis ta baƙaƙen fata, ya ƙi hanyar King, har tarayyar ta rabu a 1961. Wasiƙar da King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, amsa ce ga malaman addini takwas, fararen fata, da suka ce zanga-zangar ba lokacinta ba ne. Charles Payne kuma, a binciken da ya wallafa a 1995 kan jihar Mississippi, ya gano fastoci da dama sun ja da baya saboda tsoro, mata ne suka bi gida gida. Ko a Montgomery, Jo Ann Robinson da ƙungiyarta ta mata ne suka kwana suna buga takardun kiran ƙauracewar.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu karanta Morris don fahariya. Abin da ya tabbatar shi ne, ikilisiya tana da kayan aiki a hannu. Payne ya ƙara mana sauran: kayan ba su motsa kansu, sai an sami mai ɗauka. Mu ma muna da majami'u da baiko da zumuntar mata. Ranar da aka zalunci maƙwabcinmu, Kirista ne ko Musulmi, wa zai fara buɗe ƙofar majami'a?