Dodo da Mai Jan Zarensa: Nazarin Ɓoyayyun Ƙa'idoji a Wasan Alien: Isolation

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sanya wasanni cikin abubuwan da ake feɗewa, kama daga langa da wasan ɓuya har zuwa tashe da wasannin gaɗa. Sai dai tun da aka mayar da hedikwatar tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, an sami zuriyar 'ya'yan ma'aikata da suka tashi a gidajen bene na Garki da Wuse, ko a Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, inda dandali ya yi ƙaranci. Da yawansu sun fi sanin wasa a fuskar talabijin da wayar hannu. Idan nazari ya kau da kai daga irin waɗannan wasanni, to ya bar wani babban ɓangare na abin da ke gina tunanin yaran Hausawa ba tare da ma'auni ba.

Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin wasannin bidiyo na ɓuya da neman tsira, wato Alien: Isolation. Abin da take son tabbatarwa shi ne, armashin wasan ya rataya a kan wani ɓoyayyen tsari da ke yin aiki irin na gwanar mai ba da tatsuniya, kuma duk inda wannan tsari ya tonu, a nan ne wasan ya yi rauni.

2.0 Taƙaitaccen Bayanin Wasan

Kamfanin Creative Assembly na Ingila ne ya ƙirƙiri wasan, kamfanin Sega ya fitar da shi a watan Oktoba na 2014, sannan a ƙarshen 2021 aka fitar da shi a wayoyin hannu. An gina labarinsa a kan fim ɗin Alien na Ridley Scott, wanda ya fito a 1979. Tauraruwar wasan ita ce Amanda Ripley, wadda ta je wata tashar sararin samaniya mai suna Sevastopol a shekarar 2137 don neman labarin mahaifiyarta da ta ɓace shekara goma sha biyar da suka wuce. A can ta iske tashar ta wargaje, wata halitta kuma tana bin mutane tana kashewa. Wannan halitta ce maƙalar za ta riƙa kira dodo.

Ƙa'idar da ke bayyane ga kowa mai sauƙi ce. Makamin ɗan wasa ba ya kashe dodon, kuma idan ya cafke shi magana ta ƙare. Abin da ya rage masa shi ne sanɗa, da shiga kabad ko ƙarƙashin tebur, da jefa abin ƙara don kawar da hankalin dodon, da duba na'urar gano motsi, wadda ita ma dodon yana jin ƙararta idan ya matso. Daga baya yakan sami bindigar feshin wuta, wadda korar dodon kawai take yi na ɗan lokaci.

3.0 Ɓoyayyun Ƙa'idoji

3.1 Mai Sani da Mai Nema

Bisa bayanin da maƙeran wasan suka yi bayan fitowarsa, ƙwaƙwalwa biyu ce ke tafiyar da dodon. Ta farko suna kiranta darakta, kuma a kowane lokaci ta san inda ɗan wasa yake da inda dodon yake. Ta biyu ita ce ta dodon kansa, wadda ba ta san komai ba sai abin da gani da ji suka kawo mata. Darakta ba ya tona asirin ɗan wasa kai tsaye. Yakan nuna wa dodon sashen da ya kamata ya bincika, sauran aikin kuma na dodon ne. Ke nan an raba sani da iko: mai sani ba ya kisa, mai kisa kuma bai sani ba. Wannan rabo shi ne ƙashin bayan wasan, domin da dodon ya san komai da ɓuya ba ta da amfani, da kuma an bar shi ba jagora da sai ya ɓace a lungunan tashar, tsoro ya gushe.

3.2 Ma'aunin Barazana

Har ila yau darakta yana riƙe da wani ma'auni da ɗan wasa ba ya gani. Ma'aunin yana hauhawa gwargwadon kusancin dodon da kuma daɗewarsa a kusa. Idan ya cika, sai darakta ya janye dodon zuwa bututun iska na rufi, ɗan wasa ya sami sarari ya numfasa, ya ci gaba da aikinsa. Wannan dabara tana da magabata. A wasan Pac-Man na 1980, fatalwowin nan huɗu sukan daina kora lokaci-lokaci su nufi kusurwoyinsu, haka kuma wasan Left 4 Dead na 2008 yana da nasa daraktan mai sassauta hari idan 'yan wasa sun galabaita. Abin lura shi ne, abin da ɗan wasa ke ɗauka sa'a ce ko gwanintarsa, sau da yawa sassauci ne da aka tsara masa.

3.3 Koyon da ba Koyo ba

Halayen dodon an jera su ne cikin wani tsari mai rassa fiye da 100, kuma wasu rassan a kulle suke a farkon wasa. Yayin da labari ke tafiya, ko ɗan wasa ya yawaita amfani da dabara guda, sai a buɗe reshen da ya dace da ita. Mai yawan shiga kabad zai ga dodon ya fara leƙa kabad, har sai ya riƙe numfashi kafin ya tsira. Ɗan wasa yakan rantse dodon ya koyi halinsa, alhali abin da ya faru shi ne an saki wani hali da aka tanada tun asali.

4.0 Dodon Wasa da Dodon Tatsuniya

Wanda ya karanta tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara, aka buga tsakanin 1911 da 1913, ko jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ya san Dodo a matsayin mai ƙarfi da haɗiye mutane, wanda ba a cin galabarsa sai da wayo. A rubuce, Dodo ba ya canzawa. A bakin gwanar tsohuwa kuwa, yakan matso ko ya ja baya gwargwadon fuskokin yaran da ke gabanta. Idan ta ga ido ya fara lumshewa sai ta ƙara kaurin murya, idan ta ga ƙaramin cikinsu zai fashe da kuka sai ta shigo da waƙa ko wautar Gizo. Ta san ƙarshen labari, amma ba ta barin Dodo ya sani. Aikin darakta ke nan daidai, illa dai shi lissafi yake karantawa, ita kuma fuska.

Akwai kuma inda wasan ya saɓa wa al'adar dandali, kuma saɓanin ya ƙara masa ƙarfi. A wasannin guje-guje na yara akwai wurin sha, wanda duk wanda ya isa ya kuɓuta. A Alien: Isolation, wurin adana ci gaban wasa wata na'ura ce a jikin bango da ke ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta amsa, kuma dodon yana iya cafke mutum a cikin waɗannan daƙiƙoƙi. An mayar da mafaka wurin fargaba. Sauti ma ya taka rawa babba, domin da takun dodon a rufi ake gane motsinsa kafin a gan shi, kuma a wannan fanni ne wasan ya ci lambar BAFTA a 2015.

5.0 Raunin Wasan

Rauni na farko ya taso ne daga abin da ya ba wasan ƙarfi. Da yake darakta ba ya barin dodon ya yi nisa, wanda ya daɗe yana wasan zai lura cewa duk inda ya nufa a wannan makekiyar tasha, dodon yana sashen. Da zarar ya gane haka, sai fargaba ta koma ƙosawa, tamkar yaron da ya hango ƙafar yayansa a ƙarƙashin buhun da aka ce dodo ne. Shaidar wannan ita ce wasu 'yan wasa sun ƙirƙiri gyare-gyare na kansu don sassauta igiyar da ta ɗaure dodon da tauraruwa.

Rauni na biyu shi ne tsawo. Wasan yakan ci awa goma sha biyar zuwa ashirin, kuma a tsakiyarsa an kawar da dodon na wani lokaci, aka bar ɗan wasa da mutum-mutumin inji masu tafiyar hawainiya, sannan aka dawo da shi, aka yi ta ɗaga ƙarshen labari. Tsawo na cikin abin da mujallar IGN ta kawo lokacin da ta ba wasan maki 5.9 cikin 10. Ma'aunin barazana yana auna mintoci, amma babu abin da ke auna gajiyar awoyi. Mai tatsuniya ta fi shi a nan, domin ta san lokacin da za ta rufe da ƙurunƙus.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dodon Alien: Isolation yana tafiya ne bisa ƙa'idoji uku da aka ɓoye: raba sani da iko, janyewa idan barazana ta cika, da sakin halaye a hankali. Ta kuma nuna cewa wasan ya yi nasara inda ya yi koyi da hikimar mai ba da labari, ya gaza inda zaren ya fito fili. Wannan na nuni da cewa kayan aikin da ake feɗe tatsuniya da su, wato zubi da tsari da salon jan hankali da dangantakar mai bayarwa da mai sauraro, suna iya auna wasan bidiyo. Ya kamata sassan koyar da Hausa su ba ɗalibai damar gwada su a kan wasannin da ke hannun ƙannensu, domin wanda zai ƙirƙiri wasan Gizo da Dodo nan gaba sai ya fara sanin yadda ake ɓoye zare.