Jinjina ga Ɗaliban da Ke Bin Kogi har Ƙarshensa

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, kogin Haɗeja ya canza hali. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana kwalekwale wucewa, tsuntsayen jan baki suka mai da ita gida suna cinye wa manoma shinkafa.

Injiniya shi kaɗai ba zai warware wannan ba. Shi ya sa nake jinjina wa ɗaliban digiri na biyu da na uku da suka ƙi tsayawa a fanni guda. Za ka ga ɗalibi da safe tsulum cikin ruwa har gwiwa yana auna gudunsa, da yamma yana kan tabarma a ƙofar gidan sarkin ruwa, yana sauraron yadda masunta da makiyaya ke rabon gaɓa. Daga nan ya koma kan kwamfuta, ya haɗa abin da ya samo da lissafin damina da dokar filaye. Karatu ne mai cin rai, sau da yawa da kuɗin aljihu ake yin sa.

Malamansu ma sun cancanci yabo, irin na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, take koyar da noma da ruwa da yanayi a inuwa ɗaya.