Gaba da dariya: tsokaci a kan yadda ƴan kallo suka karɓi fim ɗin Hrútar

Manufarmu a wannan ƴar takarda ita ce mu duba abin da ke faruwa a cikin ɗakin kallo idan fim ya ƙi gaya wa mutane inda za su yi dariya. Misalin da muka ɗauka shi ne Hrútar, wato «Raguna», wanda Grímur Hákonarson na ƙasar Aisilan ya shirya. A Faransa an fitar da shi da sunan Béliers, kuma shi ya ci kyautar sashen Un Certain Regard a bikin Cannes na 2015.

Labarin gajere ne. Gummi da Kiddi wa da ƙane ne, makiyaya tumaki, gidajensu na kallon juna a wani kwari mai suna Bárðardalur, amma shekara 40 ba su ce wa juna uffan ba. In ta kama dole, sai ɗaya ya rubuta takarda ya ba kare ya kai. Ana nan sai cutar da Faransawa ke kira tremblante ta ɓulla a garken Kiddi, hukuma ta ce a kashe tumakin kwarin duka. Gummi ya kashe nasa da hannunsa, amma ya ɓoye rago ɗaya da ƴan tumaki a ɗakin ƙarƙashin gidansa.

Salon fim ɗin shi ne abin da Faransawa ke ce wa pince-sans-rire. Mu za mu kira shi raha da fuska a ɗaure. Ɗan wasa ba ya murmushi, na'urar ɗaukar hoto ba ta matsowa kusa don ta nuna mana hawaye, magana kuwa sai ƙalilan. Wurin da ya fi fito da wannan shi ne inda Gummi ya tsinci Kiddi kwance cikin dusar ƙanƙara, ya bugu, sanyi na neman kashe shi. Sai ya kwashe shi a cokalin tarakta, ya tuƙa har ƙofar gidan likita, ya sauke shi kamar buhun dawa, ya juya.

Da muka nuna wa ɗalibanmu fim ɗin, da fassarar Faransanci a ƙasan hoto, a nan ɗakin ya rabu. Wasu suka fashe da dariya. Wasu suka ji haushin dariyar, har ɗaya ta ce mana daga baya ba ta ga abin dariya a mutumin da ya yi wa ɗan'uwansa ɗaukar mushe ba. Ra'ayinmu shi ne saɓanin nan ya taso daga yadda kowane ɓangare ya karanta shirun da ke tsakanin mutanen biyu.

Masu nazarin harshe, tun daga Malinowski a 1923 zuwa Jakobson a 1960, sun nuna cewa akwai maganar da ba ta ɗauke da labari, aikinta kawai ta riƙe hanya a buɗe tsakanin mutum biyu. Gaisuwa ita ce babban misali. To Hausa tana da kalma ta musamman ga janye wannan magana da gangan: gaba. Kuma duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da masu gaba ya san aiki ce mai cin rai. Sai ka san lokacin fitar abokin gabarka don kada ku haɗu, sai ka nemi yaron da za ka aika, sai ka kasa kunne ga abin da ake faɗi a kansa. Gummi yana leƙen gidan Kiddi ta taga; shi ya fara lura ragon Kiddi ba shi da lafiya. Ba wanda ya san Kiddi a kwarin nan kamarsa.

Waɗanda suka yi dariya sun ga wannan. Abin da ya ba su dariya shi ne wahalar da Gummi ya sha don ya ceci ran ɗan'uwansa ba tare da ya karya gabar ba: taraktar ta tsaya a matsayin karen, ɗan aike ce. Waɗanda suka ji haushi kuwa sun auna abin da ma'aunin zumunta, inda addini ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3, balle shekara 40. A wurinsu kowace dariya kamar halatta laifin ce. Muna ganin sun yi gaskiya game da nauyin abin, amma sun ɗora wa mai fim ɗin abin da bai yi ba, domin bai taɓa ce wa kowa ya yi dariya ba. Ko da yake, a faɗi gaskiya, ba da gangan ba ne kaɗan: Sigurður Sigurjónsson da ya fito a Gummi sanannen ɗan wasan barkwanci ne a ƙasarsa, don haka ɗan kallo na Aisilan yana shiga da tsammanin da namu ɗalibai ba su da shi.

Inda muke da ƙorafi shi ne tsakiyar fim ɗin, wajen maƙwabta da ma'aikatan hukuma, waɗanda ba a ba su rai sosai ba. Amma wannan ƙaramin abu ne.

A ƙarshe, da asirin ɓoyayyun tumakin ya tonu, mutanen biyu suka kora su zuwa tudu cikin guguwar ƙanƙara. Gummi ya faɗi. Kiddi ya haƙa rami a ƙanƙarar, ya tuɓe musu tufafi, ya rungume shi don ya ba shi ɗumin jikinsa, yana yi masa magana a hankali. Tsofaffi biyu tsirara hoto ne da muka yi zaton zai jawo ƙyalƙyala, musamman a ɗakin da ke cike da matasa. Ba wanda ya yi. Masu dariyar farko su suka fi daɗewa a zaune bayan an kunna fitila, kuma da aka buɗe muhawara, tambayarsu ta farko ita ce ko Gummi ya rayu. Fim ɗin bai faɗa ba.

A 2020 Jeremy Sims ya sake shirya labarin a Ostiraliya, da Sam Neill da Michael Caton, inda wutar daji ta maye gurbin ƙanƙara, aka ƙara magana, aka sassauta fuska. Muna da niyyar nuna shi ga wani rukunin ɗalibai da ba su ga na farko ba, mu ga ko ɗakin zai sake rabuwa.