Tsakuwa a ramin dashe: shawarar nan akwai gyara

Za ka ji ana cewa a zuba tsakuwa a gindin ramin dashen bishiya, wai don ruwa ya tsane. Ba haka abin yake ba. Ƙananan ƙofofin ƙasa mai laushi suna riƙe ruwa gam, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Na tsakuwa manya ne, ba su da wannan jan. Don haka ruwa kan tsaya a mahaɗarsu, ba ya sauka sai ƙasar sama ta jiƙe sharkaf. A gonar da fari ke damu, wannan riba ce. A ƙasar laka kuwa, saiwar mangwaronka ce za ta ruɓe. Gara ka tara ƙasa ta yi tudu, ka dasa a kai.