Garba, in ji wa?

Jama'a, yayin nan na jera "abubuwa goma da ba ka sani ba" ya fara kai ni bango. A Facebook ba ni da ta cewa, can dandali ne, kowa ya baje hajarsa. Amma Wikipedia kundin sani ce, ƙa'idarta kuwa sananniya ce: abin da ka rubuta, ka nuna inda ka samo shi. Duk da haka sai ka ga ɗan uwa ya dage sai ya liƙa wa maƙala jerin "ko ka san?", layi bakwai ko takwas, babu littafi, babu jarida, babu ko sunan wanda ya faɗa.

Mu ɗauki garba. Duk wanda ya zauna a unguwar Adjamé ko Treichville a Abijan ya san shi: aceke da soyayyen kifin tuna, a yanka barkono da albasa a kai. Daga ina sunan ya fito? Wasu sun ce daga 'yan Nijar masu sayar da shi, tunda Garba suna ne da ya yawaita a cikinsu. Wasu sun ce daga Dicoh Garba, wani minista na zamanin Shugaba Houphouët-Boigny. Mai jeri ba ruwansa da wannan saɓani. Zai zaɓi wanda ya fi masa daɗi, ya rubuta shi layi guda kamar hukuncin alƙali. Mu Hausawa kuwa mun san wanda za mu zaɓa! Ni ma na farkon ya fi kwanta min a rai, amma in ji wa?

Ga kuma cutar "mafi girma". Kasuwar Adjamé babba ce, babu musu. To Onitsha ma an ce ita ce mafi girma a Afirka ta Yamma, Dantokpa ta Kwatano an ce ita ce, Kejetia ta Kumasi an ce ita ce. Wa ya auna? Da rumfa aka ƙirga ko da faɗin fili? Shiru. Gobe ɗan jarida mai gaggawa ya kwafa, jibi wani ya kawo jaridar a matsayin hujjar layin da aka kwafa. Jita-jita ta samu takardar shaida ke nan.

Abin haushin, unguwannin nan na Abijan ba su rasa tarihi mai hujja ba. A Treichville aka kafa jam'iyyar PDCI a 1946, a Étoile du Sud. An buɗe mashigin ruwan Vridi a 1950, wanda ya mai da Abijan babbar tashar jiragen ruwa. Gadar Houphouët-Boigny ta haɗa Treichville da Plateau a 1957. UNESCO ta sa fasahar yin aceke cikin gadon al'adun duniya a Disambar 2024. Kowanne yana da gurbinsa a cikin maƙala, inda zai zauna da dalilinsa. Jeri kuwa yana jibge na tabbas da na shaci-faɗi wuri ɗaya, mai karatu ya kasa bambancewa.

Na sani, za a ce tarihin fataken goro da dattawanmu na Abijan a baki yake, Bature bai rubuta ba. Gaskiya ne, kuma yana min ciwo. Na kuma yarda jerin yana da daɗin karatu, ni ma nakan tsaya in leƙa.

To Malam, in kishin ne da gaske, ɗauki wayarka ka je wajen dattijon, ka naɗi maganarsa, a buga a jarida ko mujalla da sunansa da ranar hirar. Daga nan kowa zai iya kafa hujja da ita. Kafin lokacin, duk layin da na gani tsirara zan manna masa alamar ana buƙatar hujja, in ya daɗe babu amsa in share. Wanda ya ji haushi ya kawo littafi.