Sharhi a Kan Littafin Judy Chicago, The Dinner Party

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a auna yadda littafin The Dinner Party: A Symbol of Our Heritage, wanda aka buga a 1979, ya gabatar da aikin Judy Chicago, 'yar Amurka mai fafutukar 'yancin mata ta hanyar fasaha. Aikin dai teburi ne mai kusurwa uku, an shirya wa mata 39 na tarihi da tatsuniya mazauni a kansa. Kowace tana da farantin tangaran da ƙyalle mai surfani, sa'an nan an rubuta sunayen wasu mata 999 a daɓen da teburin ke kai.

2.0 Abin Yabo

Littafin ya yi ƙoƙari wajen tarihi. Ya kawo taƙaitaccen bayanin matan nan 999. Haka kuma ya nuna yadda aka yi aikin daga 1974 zuwa 1979 da taimakon ɗaruruwan masu sa kai.

3.0 Abin Gyara

Babban rauninsa shi ne ya raba faranti da ƙyallensa. Hotunan faranta suka cika ido, shi kuwa surfani sai a 1980 aka yi masa littafi dabam, Embroidering Our Heritage. Alhali kuwa hujjar Chicago ita ce aikin allura, wanda aka daɗe ana rainawa don na mata ne, fasaha ce cikakkiya. Ashe ke nan tsarin littafin ya maimaita rainin da aikin ya zo yaƙa.

Na biyu, mai aikin ce ta rubuta littafin, kuma mai ɗaki ba ya faɗin inda ke yoyo. Yawancin farantan suna da siffar malam-buɗe-littafi da al'aurar mace, amma na Sojourner Truth, baƙar fatar Amurka tilo a teburin, fuskoki uku ne. Marubuciya Alice Walker ta soki wannan bambanci. Irin wannan tambaya littafin bai yi wa kansa ba.

4.0 Kammalawa

Saboda haka littafin shaida ce mai daraja daga bakin mai aiki, amma bai isa ma'auni ba. Wanda ke son hukunci sai ya haɗa littattafan biyu da maganar masu suka, ko ya ziyarci Gidan Tarihi na Brooklyn, inda aikin ya samu mazauni tun 2007.