Wane ƙauye ake zana mana?

Duk inda ake sayar da zanen fenti yanzu, a otal ne ko a bakin titi, hoton kusan ɗaya ne: bukkoki uku, Bafulatana da ƙwarya a ka, shanu ƙosassu, rana tana faɗuwa ja wur. Yana da kyau, kuma kasuwa tana karɓarsa. Amma ka tambayi mai zanen wane gari ne wannan, sai ya rasa amsa. Abin yana ci mini rai, musamman in hannun ɗan Zariya ne ya yi shi.

Masu kare salon sukan ce ai haka masu zanen Holan suka yi a ƙarni na 17, suna zana karkara, attajiran birni suna saye. Gaskiya ne, su ma sun ƙawata. Aelbert Cuyp ya lulluɓe shanunsa da haske ruwan zinariya wanda ya fi kama da na Italiya. To amma a dubi bijimin da Paulus Potter ya zana a 1647: ga ƙudaje suna bin gadon bayansa, ga kashin shanu a ƙasa. Jacob van Ruisdael kuwa, da ya hango garin Haarlem daga nesa, bai ɓoye filayen da ake shanya yadi don ya yi fari ba. Ɗan garin yana gani zai nuna cocinsu da yatsa.

A Zariyar nan, a 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya don zane ya tsiro daga ƙasarsu. Yaya za a ce magadansu sun koma zana ƙauyen da babu shi?

Alhali abin zanawa yana bakin ƙofa. Ga dutsen Kufena da hazon hunturu. Ga rimayen da aka san birnin da su. Ga ganuwa, inda ruwan sama ya zaizaye ta, awaki suna hawa, gidan bulo ya matso har gindinta. Ga kududdufin da kakanni suka haƙi ƙasar gini, yau leda ta rufe bakinsa, yara suna wasa a gefe. Ina son in ga wannan kududdufin da fentin mai, da ledarsa da komai, an kula da haskensa yadda Potter ya kula da gashin bijiminsa.

Masu saye ma da nasu laifin. Manajan otal da zai biya kuɗi mai kauri, me zai hana ya ce a zana masa Ƙofar Doka da sassafe, lokacin da masu kayan gwari suke shigowa gari?